Sandunan Zogale a Filin Ango

Akwai wani saurayi manomi da ya nemi auren wata budurwa a ƙauyensu. Iyaye suka amince, aka kai kayan baiko, fasto ya yi addu'a, aka sa rana bayan Ista. Mahaifinsa ya yanka masa fili a bayan gari, ya ce, "Ga wurinku, sai ka yi gini."

Tun daga ranar saurayin nan ya ɗauke ƙafa daga zuwa zance, wai kunyar surukai, wai kuma aiki ya yi yawa. Shi da a da ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya sai ya je! Sai ya shiga yawon neman shawara. Ya tambayi kawunsa inda ƙofa za ta duba, ya tambayi magini ɗaki nawa za a yi, har mai shayin bakin kasuwa ya tofa albarkacin bakinsa. Mutum ɗaya ce bai tambaya ba, ita ce wadda za ta zauna a gidan.

Wata safiya ya zo auna harsashi, sai ya tarar an kafa sandunan zogale guda bakwai a jere, gindinsu jiƙe da ruwa. Ya tsaya ya riƙe haɓa. A ƙauyen da zogale ake yin shinge, wanda ya kafa shi kuwa iyaka yake ja. Ya tumɓuke su ya watsar a juji.

Bayan kwana uku, ga waɗansu sababbi a wurin. Kansa ya ɗaure. Kawunsa ya ce maƙwabci ne ke son cin filin, innarsa ta ce asiri ne, magini ya ce shi dai bai ga kowa ba. Saurayin ya tuge su, ya nufi gidan maƙwabcin, wani tsoho da ya sha goya shi yana ƙarami, ya gaggaya masa maganganu.

Tsohon ya ce, "Ɗana, ni da da ƙyar nake kai kaina coci, ina ni ina haƙa rami?"

Ya koma gida ya fi dā ruɗewa. Da ya tarar da su karo na uku, sai ya sassare su da adda, ya tara a bakin hanya don wanda ya kafa ya gani.

Washegari gwaggon budurwar ta shigo gidansu da kayan baiko a kai, ta dire a gaban mahaifinsa.

Ta ce, "Ga kayanku. 'Yarmu ta ce a mayar."

Mahaifin ya ce, "Me muka yi muku?"

Ta ce, "Ku tambayi ɗanku."

Saurayin ya miƙe zumbur. Ranar ya manta da kunyar surukai, da gudu ya isa gidansu budurwar, ya same ta tana surfe. Ya ce, "Don Allah, me na yi miki?"

Ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Sau uku na yanko zogalen gidanmu, na dasa inda nake so madafata ta kasance, don in na tare in sami na miya. Sau uku ka cire. Na ƙarshe ma sarewa ka yi ka ajiye mini a hanya. Ai na gane, ba ka son hannuna a gidanka."

Ya ce, "Allah ya sani ban san ke ba ce! Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "A ina zan gan ka? Yau wata biyu ke nan."

Ya zauna a ƙasa. A nan tsakar gida, a gaban uwarta, suka yi maganar da ya kamata su yi tun ranar baiko. Aka daidaita, amma gwaggo ta ce ita ba za ta yi dako sau biyu ba. Shi ya ɗauko kayan a kansa ya ratsa gari da su, sa'an nan ya je ya durƙusa wa tsohon da ya ci wa mutunci.

Ma'anar wannan misali ita ce: filin nan shi ne zaman da za ku yi tare, sandunan kuma su ne abubuwan da kowannenku yake fata a zuciyarsa bai faɗa ba. Ku da aka yi wa baiko, aikinku na fari ba gini ba ne, ba ɗinkin biki ba ne. Ku zauna inda idon manya ke ganinku, ku tambayi juna: ina za mu zauna, wa za mu riƙe cikin dangi, me kike so, me kake tsoro? Ku yi addu'a tare, ku zo wurin fasto tare. Shawarar kawu tana da kyau, amma ba shi zai zauna a gidan ba.

Ku kuma magidanta da kuke dariya a kujerun baya, ku dubi kanku. Akwai wanda ya shekara ashirin yana tuge abin da matarsa take dasawa, har yau kuwa maƙwabci yake zargi.