Hannu Huɗu a Kan Fiyanon Baba Yohanna

Ku gyara zama, ga wata magana da ta hana wani dattijo sakat.

A Wusasa akwai Baba Yohanna, tsohon mai kaɗa fiyano a coci, da 'ya'yansa uku: Istifanus, Rifkatu da Tabita. Aka sa gasar kiɗa a Jos, mutum biyu a kan fiyano ɗaya. Yaran suka zaɓi kiɗan wata ofera ta zamani, irin wasan kwaikwayon nan da ake yi da waƙa tun daga farko har ƙarshe. Kiɗan kuwa 'yan sautuka ne kaɗan, a yi ta maimaita su, sai can a ɗan sauya.

Wata uku Baba Yohanna bai huta ba. Da safe kiɗan ne, da yamma kiɗan ne.

"Wai ku, kaset ɗin ne ya maƙale ko kuwa ku ne?" in ji shi.

"Baba, ai ya canza," in ji Tabita.

"A ina?"

Istifanus ne ya fara aiki. Babu wanda ya taɓa rubuta kiɗan don fiyano, sai ya zauna mako shida yana saurare, ya tattara makaɗa arba'in da mawaƙansu ya mayar da su hannu huɗu a takarda.

Rifkatu ta zauna a hagu. Nata aikin sauti huɗu ne, ta yi ta juya su minti ashirin ba gaggawa ba jinkiri. Ranar gasa wuyan hannunta ya riƙe tun a tsakiya, hawaye na zuba, amma ko sau ɗaya ba ta kuskure ba.

Tabita ta zauna a dama, ita ce muryar mawaƙa. Ana cikin yi wani ya kunna fanka, takardun suka watse har ƙarƙashin kujerun alƙalai. Ta ci gaba da kaɗawa da ka, duk inda za a sauya ta zunguri yayarta da gwiwar hannu, har suka dire tare.

Suka yi na ɗaya. Kyautar kuwa gurbin karatun kiɗa ne a ƙasar waje, guda ɗaya tak. Alƙalai suka ce uba ya kawo suna kafin Juma'a.

Gida ya zama kotu. Istifanus ya ce, "In ban rubuta ba me za ku kaɗa?" Rifkatu ta ɗaga hannunta a naɗe da bandeji. Tabita ta ce ba don ita ba, da tuni an yi musu dariya.

Baba Yohanna ya dafe kai. "Na ɗauka in an gama gasa zan huta. Yanzu ku ma magana ɗaya kuke ta maimaita mini!"

Ga shi yau Alhamis, takarda na gabansa, biro a hannu. To, jama'a, sunan wa zai rubuta?