Rijiyar da Arzika Ya Fara Haƙawa

A zamanin da, tun ana kwana uku a daji ba a ga hayaƙin gidan kowa ba, an yi wasu maharba biyu, wa da ƙane. Babban shi ne Arzika, mutum mai ƙarancin magana. Ƙaramin kuwa Kwasau, wanda maroƙa ke yi wa kirari da "Guguwar gabas, na Arzika, mai kwana kan sawun giwa!" Kwasau jarumi ne, ba a musu. Aibinsa ɗaya, kalmar alkawari ba ta da nauyi a bakinsa. Ko ruwa zai miƙo maka sai ya ce ya yi alkawari.

Wata shekara da fari ya yi tsanani, suka bi sawun wani ɓauna har cikin dajin da ba su sani ba. A ƙarƙashin wata tsamiya ɓaunan ya juyo musu, ya soki Arzika a cinya, ya tsere da kibiya a wuyansa. Kwasau ya ɗaure raunin, ya jingina wansa da itacen. Da ya girgiza gorarsu, babu ko ɗigo.

Ya ce, "Yaya, zan nemo ruwa. Kafin inuwar nan ta juya na dawo. Na yi alkawari."

Arzika ya dube shi, ya ce, "Ƙanena, ka ce dai za ka yi ƙoƙari. Idan ka ce alkawari, zan jira."

"Alkawari na ce, Yaya."

Bai yi nisa ba ya sami ruwa a wani kogon dutse, ya cika gora. Yana kan hanyar dawowa sai ya ga jini a ciyawa, ga sawun ɓaunan ɗanye. Zuciya ta ɗebe shi. Ya ce a ransa yanzun nan zai gama da shi, ya kai wa wansa wutsiyar. Ɓauna ya yi ta jan sa, kwari bayan kwari, sai a rana ta uku ya kashe shi.

Da ya komo tsamiya, ya tarar da Arzika kwance rubda ciki, rai ya yi halinsa. Hannuwansa na cikin wani ɗan rami da ya tona da farce, zurfinsa bai wuce kamu ɗaya ba. Bai ja jiki ya tafi neman ruwa ba, ko da taki goma. A nan aka ce ya jira, a nan ya jira.

Kwasau ya binne shi, ya koma gida, ya ce wa dangi nan take ɓauna ya kashe Arzika. Aka yi kuka, aka share hawaye. Amma tun daga ranar, duk sa'ad da rana ta take tsaka, sai ya ji murya a bayan kunnensa, a hankali, babu faɗa a cikinta: "Kwasau, inuwa ta juya." Ko yana kasuwa, ko yana tsakiyar taro, sai ya ji ta. Ya rame, kibiyarsa ta daina samun nama, ruwa ma ya koma yi masa ɗaci.

Daga ƙarshe ya je wurin wata tsohuwa mai magani, Iya Kande, ya faɗa mata gaskiyar da ya ɓoye wa kowa. Ta ce, "Ɗana, ba ni da maganinka. Wanka ya mutu, maganarka ce ba ta mutu ba. Tana can inda ka ajiye ta."

Kwasau ya rataye bakansa, ya ɗauki dagi, ya koma gindin tsamiyar shi kaɗai. Ya ci gaba da haƙa ramin da wansa ya fara. An ce wata bakwai ya yi yana fasa dutse, kullum muryar tana zuwa a lokacinta. Ranar da ruwa ya ɓullo, ya cika gora, ya durƙusa a kan kabarin, ya tsiyaye.

Ya ce, "Yaya, ga ruwan."

Sannan muryar ta ce, "Ka daɗe, ƙanena."

Bai sake jin ta ba. Amma har ya tsufa bai san ko yafewa aka yi ba, ko kuwa gajiya da kira.

Makiyaya suka fara yada zango saboda ruwan, fatake suka biyo, wurin ya zama gari, ana kiransa Rijiyar Arzika. Har yau gugan farko na kowace safiya a ƙasa ake zubar da shi. Mutanen garin kuma ba sa furta kalmar alkawari a hira ko a ciniki. Wanda zai yi alkawari, sai ya je bakin rijiya, ya jiƙa hannu, ya faɗa a gaban shaidu. Idan baƙo ya yi suɓutar baki ya ce ya yi alkawari, sai wani dattijo ya ce masa, "Malam, tashi mu je rijiya ka maimaita." Yawanci kafin a kai bakin rijiyar, baƙon ya ce ƙoƙari dai zai yi.