Nomau Wanzami da Shekarar Ƙyanda

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, ana ce masa Nomau wanzami. Duk askin sunan garin nan shi ke yi. Da askar nan yake ciyar da matarsa Hansai da 'ya'yansu biyu, Kuluwa da ƙaninta Bawa.

Wata bazara ƙyanda ta shigo gari. Yau a fita da gawar yaro daga wannan gida, gobe daga wancan. Ta shiga gidan Nomau, ta ɗauke Kuluwa.

Sai aka ji duba-gari na tafe daga birni, zai bincika. Mai unguwa ya tara jama'a ya ce, "Kowa ya kama bakinsa. In hukuma ta ji, kasuwa za a rufe mana."

Ku saurara, jama'a. Duba-gari ya bi gida-gida. "Lafiya?" "Lafiya lau." Uwa na cewa lafiya lau, ɗanta na ƙuryar ɗaki, idanu sun manne.

Duba-gari ya iso ƙofar Nomau, ya same shi kan tabarmar karɓar gaisuwa. Ya ce, "Malam, rashi aka yi?"

Hansai daga bayan zana ta ce a hankali, "Malam, ka tuna da abincinmu."

Nomau ya ɗago kai ya dubi duba-gari. Ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yata ce, ƙyanda ce ta kashe ta. Ƙaninta ma yana kwance. Kuma ba gidana kaɗai ba ne. Yaran nan da ake binnewa, da hannuna na yi musu askin suna. Ba zan iya cewa lafiya ba."

Aka rufe kasuwa. Aka daina kiran Nomau aski, wasu ko sallamarsa ba sa amsawa. Daga baya masu allurar rigakafi suka zo, cutar ta lafa. Amma Bawa bai ga zuwansu ba, da safen ranar ya cika. Nomau ya dawo daga maƙabarta, ya tsaya yana riƙe wa maƙwabta 'ya'yansu ana yi musu allura, hawaye na bin gemunsa.

'Yan'uwa, ɓoye cuta ba tawakkali ba ne, cin amanar maƙwabci ne. Gaskiyar Nomau ba ta bar masa ɗa ko ɗaya ba. 'Ya'yan waɗanda suka ƙaurace masa ta tsirar, ladansa kuwa yana wurin Allah. To, kai fa? In ka ga zazzaɓi da ƙuraje a jikin ɗanka, kada ka rufe ƙofa. Ka faɗa, ka kai shi asibiti, don yaron maƙwabcinka ma amana ce a wuyanka. Allah Ya raya mana zuri'a.