Kofin da Wiebe Ya Ce Bai Huce Ba

Ranar Talata, tara ga Maris, ƙarfe goma na safe, aka kira ƙararmu a kotun birnin Den Haag, ƙasar Holan. Maigidanmu Wiebe Terpstra gwanin lantarki ne, amma ba ya son a san ya taɓa shan wahala. Ya ƙera wata 'yar na'ura mai gadin wutar inji, tana ba da sanarwa kafin wutar ta faɗi. Duk wanda ya yaba, sai Wiebe ya ce, "Wannan? Kafin kofina ya huce na gama ta."

Da ita muke ci, mu bakwai da ke aiki a shagonsa. Wani babban kamfani ya nemi a soke masa haƙƙin mallakarta, wai duk ma'aikacin da ya san aikinsa zai iya gano dabarar. In an soke, sai mu rufe shago.

Lauyan kamfanin ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, mai abin ma da bakinsa ya ce aikin kofi ɗaya ne."

Femke, lauyarmu, ta raɗa wa Wiebe, "To, sarkin kofi, ga bakinka ya kawo mu. Ka faɗi gaskiya, ko mu koma gyaran rediyo."

Wiebe ya miƙe, kunnuwansa sun yi ja. "Ƙarya nake yi," in ji shi. "Shekara uku ina bin hanyar da littattafai suka koyar, abin yana ƙonewa. Sai da na auna wutar ta inda malamai suka ce ba a aunawa."

"Kofin fa?" in ji ɗaya daga cikin alƙalan.

"Ya huce, ranka ya daɗe. Har ya yi tsami."

Aka yi dariya. Alƙalai suka duba littattafan, suka ga lallai duk sun hana wannan hanyar. Suka bar masa haƙƙinsa. A jirgin ƙasa, kan hanyar komawa gida, muka ci burodi da cuku.

Yanzu Wiebe ya rasu, Femke ta koma garin Groningen. Saura Tjerk mai haɗa waya, da Marijke 'yar Wiebe da ke riƙe da shagon, sai ni mai rubuta wannan, da wani Fada, limamin coci, ya koya wa rubutu tun ina yaro.

Darasin shi ne, kada ka ɓoye wahalar da ka sha don a ce kai gwani ne. Wanda ya raina guminsa a bainar jama'a, ya ba wasu izinin su raina aikinsa. Wiebe ya samu damar gyara maganarsa. Ba kowa ke samu ba.