Garin Kuka a Lagireto

Akwai wani mutum, ɗan auta a gidansu, manomi ɗan manomi. Ran nan ya tashi ya ce shi ya gaji da fartanya, zai tafi ƙasar waje neman arziki. Da ya tafi shiru, da babu magana. Amma ina, sai da ya tsaya a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada, gaban manya da yara, ya ce, "Ku shaida, ba zan sake shigowa garin nan da ƙafa ba. Sai a motata. Inna, ke za ki zauna gaba."

Uwarsa ta ce, "Auta, ni ban aike ka neman ƙarfe ba. Kai dai ka dawo."

Ya yi dariya, ya ɗauki jakarsa, ya tafi.

Ya je wata ƙasa mai nisa can bakin teku, inda ake Faransanci. Ya yi dako, ya yi gadi, ya yi wankin mota. Ya wanke motocin mutane har tafin hannunsa ya yi fari, tasa ba ta zo ba. Shekara ɗaya, biyu, biyar, har goma sha ɗaya.

Kowace shekara in fataken shanu za su gangara can, uwar takan ba su saƙo. Garin kuka ne, na itacen da ke bayan ɗakinta, ita ta shanya, ita ta daka, ta ƙulle a ƙyallen tsohon zanenta. Da fari yakan yi miya. Amma duk ranar da ya sha miyar nan ba ya iya aiki, sai ya yini zaune yana kallon hanyar arewa. Ya ga in ya ci gaba a haka, wata rana zai kama hanyar gida da ƙafa, a yi masa dariya. Sai ya daina kwance ƙullin. In an kawo ya ba maƙwabta. Na ƙarshen ne ya kasa bayarwa, ya tura shi can ƙasan jaka, ya danne da kaya.

Hausar ma ya ajiye ta. Ya sayi kwat a gwanjo, ya ce a riƙa ce masa Misye. Faransancin nasa kuwa, in ka cire "wi" da "mersi", saura nuni da yatsa.

Rannan yayarsa Asabe ta kira shi a waya. Ta ce, "Auta, idon Inna ɗaya ya tafi, ɗayan ma saura kaɗan. Kullum sai ta sa a fito da ita ƙofar gida ta zauna. Ta ce ba ta roƙon Allah komai sai ta ga fuskarka kafin ya rufe."

To, da kai ne ai motar haya za ka shiga a ranar. Shi ko sai ya tuna da maganar da ya yi a ƙofar majami'a. Ya tattara abin da ya tara, ya je ya sayi mota.

Mota ce dai, tunda tana da taya huɗu. Ƙofar baya da igiya aka ɗaure ta. In ka danna hon, sai ka ce akuya ce mai mura. Mai sayarwa ya rantse masa wata tsohuwa ce ke hawanta, ita ma sai ran Lahadi in za ta sujada. In haka ne, to majami'ar tsohuwar nan a kan dutse take.

Ya sa kwat, ya kama hanya. Ranar farko lafiya lau. Rana ta biyu da tsakar rana, sai ga hayaƙi fari yana fitowa ta gaban mota. Ta yi tari biyu ta tsaya. Allah ya taimake shi gangara ce, ya turo ta har cikin wani ɗan gari, ya tsaya gaban gareji.

Kanikawa suka fito su uku. Kafin su dubi mota, sai da suka dubi kwat. Suka buɗe gaban, suka girgiza kai kamar an yi rasuwa. Da baki da hannu suka gane da shi cewa lagireto ya mutu, wato wurin da ruwa ke zama yana sanyaya inji. Sai an aiko da sabo daga babban birni, mako biyu. Kuɗin da suka faɗa kuwa, in ya biya, ba shi da na mai har gida.

Ya ce, "Wi, wi." Me zai ce?

A gefen garejin, bai fi taku talatin ba, akwai wani tsoho mai facin taya a gindin mangwaro. Da mutumin nan ya iso, tsohon ya ɗaga masa hannu. Shi ko Misye ya kau da kai. Ina ruwan mai mota da mai faci?

Ya kwana biyu a garin nan. Abincinsu rogo ne da wata miya mai manja, ya ci don dole. Ya zauna cikin mota yana tuna ƙofar gidansu, da dutsen da Inna ke zama kansa tana gyaran wake. Yana tuna yadda take kiran kaji da yamma. Ya yi ƙoƙarin tuna fuskarta sosai, sai ya ga ta shekara goma sha ɗaya da ta wuce ce kaɗai ke zuwa masa. In ya rufe ido ɗaya da hannu ya dubi hanya, sai ya ce a ransa, haka take kallo yanzu. Kowace safiya ya san wani ɗan haske ya ragu a can gida, shi yana nan zaune da kwat.

Rana ta uku da safe haƙuri ya ƙare. Ya ɗebo ruwa a rijiya ya cika lagireto, ya tada mota, wai ko za ta yi masa kara. Ba a jima ba ta sake ɗaukar zafi. Cikin fushi ya kai hannu ya murɗa murfin. Tururi ya taso ya kama masa hannu.

"Wayyo Inna!"

Kun ji fa. Shekara goma sha ɗaya yana Misye, da zafi ya zo bai ce "mersi" ba.

Tsohon nan mai faci ya saki tayar da ke hannunsa. Ya taso yana ɗingishi, ya zo ya tsaya gabansa, ya ce da Hausa, "Ɗan wane gari ne ke kiran Inna a nan?"

Mutumin ya tsaya baki buɗe. Ya ce, "Baba, kai ma namu ne?"

"Sunana Zakka. Shekara talatin da takwas ina gindin mangwaron nan. Tun ranar da ka zo na ga tafiyarka irin ta gida ce, na ɗaga maka hannu. Da ka kau da kai na ce to, ashe Bature ne rana ta ƙona."

Kunya ta kama shi. Ya durƙusa da kwat ɗinsa cikin baƙin mai ya gaishe shi yadda ake gai da manya. Ya faɗa masa komai, har maganar idon Inna.

Baba Zakka ya sa aka jira inji ya huce. Ya zuba ruwa, ya kwanta ƙasa ya leƙa. Ya taso yana dariya. Ya ce, "Ramin nan bai kai ƙwayar gero ba. Shi ne za ka sayi sabo? Da ina yaron mota, garin taba muke zubawa ya toshe. Ba na sha, kai ma da alama ba ka sha. Me kake da shi a jaka?"

Suka zazzage jaka. Wando, riga, takalmin sawa ran isa gida. Can ƙasa sai ga ƙullin nan ya faɗo. Tsohon ya ɗauka, bai kwance ba, ya kai hancinsa. Sai ya zauna a ƙasa. Ya kwance ƙullin a hankali, ya zuba wa garin ido.

Da ya ɗago ya ce, "Kuka. Wa ya daka?"

"Inna."

"Ta iya shanya. A inuwa ta shanya ta, dubi korenta."

Ya ɗebi cokali uku ya zuba a lagireto, ya cika da ruwa, ya ce a tada mota. Kanikawan nan uku suka zo suka tsaya suna dariya, wai ana yi wa mota miya. Ruwan yana ɗiga ɗis, ɗis. Can ya fara yauƙi. Ya yi ɗigo ɗaya mai tsawo, ya tsaya. Suka jira, shiru. Kanikawa suka koma garejinsu ba sallama.

Baba Zakka ya ce, "Ba gyaran har abada ba ne. Amma zai kai ka gida. Kada ka yi gudu, ka riƙa duba ruwa."

"Baba, me zan ba ka?"

"Ka ɗebi cokali uku ka riƙe saboda hanya. Ragowar ka bar mini. Rabona da miyar kuka tun gashina yana baƙi."

Mutumin ya miƙa masa, har da ƙyallen zanen. Ya shiga mota, ya dubi kujerar gefensa, ya ce, "Baba, ga gaba babu kowa. Ka zo mu tafi."

Tsohon ya yi murmushi. "Ni ma haka na ce musu, sai da motata. Ka ga motar," ya nuna tarin tsofaffin tayoyi. "Tayoyin dai na samu."

"Wa ya rage maka a gida?"

"Ban sani ba, ɗana. Rashin sanin ne ma ya zaunar da ni. Bari dai sai baɗi." Ya dafa ƙofar mota. "Ka gai da Inna. Ka ce wani ɗanta a ƙasar mutane ya sha miyarta."

Kwana huɗu ya yi a hanya, yana tafiya a hankali, mota tana ƙamshin kuka. Da ya shigo garinsu ya danna hon. Mutane suka fito suna murna, amma babu ko ɗaya da ya tuna da rantsuwarsa ta ƙofar majami'a. Shi kaɗai ya yi ta dakonta shekara goma sha ɗaya.

Asabe ta tare shi, ta ce a hankali, "Shekaranjiya idon ya rufe."

Ya lissafa a ransa. Kwana biyun da ya yi zaune da kwat, taku talatin tsakaninsa da Baba Zakka.

Inna tana kan dutsenta a ƙofar gida. Ta ɗaga hanci ta ce, "Wace ce ta ɗora miyar kuka ba ta sa daddawa ba?" Ta sake shaƙa. "Wannan ai kukata ce. Auta, kai ne?"

Ya durƙusa gabanta. Ya ce, "Inna, ga motar na kawo."

Ta ce, "Rabu da ni da mota. Matso."

Ta sa hannu biyu ta shafa fuskarsa, goshi, hanci, haɓa, ta koma ta sake farawa daga goshi. Ta ce, "Ka tsufa ban gani ba." Shi kuka, ita tana ta shafawa.

Da ya ba ta labarin tsohon, ta ce, "Asabe, in fatake za su gangara, ki ƙulla masa nasa. Ki ce a faɗa masa akwai ɗaki a nan."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa. Gidan nan, wurin Ubangiji ne. Ƙasa mai nisa kuwa, ba sai ka ƙetare iyaka ba, wani yana zaune a bencin nan yau amma zuciyarsa tana bakin teku. Motar ita ce abin da muke cewa sai mun samu kafin mu dawo wurin Allah. Sai na daina kaza, sai na yi aure, sai na ɗinka rigar da ta dace. Allah bai aike ka neman ƙarfe ba. Kai yake jira a ƙofa.

Kwat ɗin girman kai ne. Shi ya hana mutumin nan gai da mai faci, shi ya cinye masa kwana biyun da ba za su dawo ba. Uwarsa ta karɓe shi, haka Ubangiji zai karɓe ka ko yaushe ka zo. Amma jinkiri yana cin wani abu, kuma abin da ya ci ba ya amayarwa.

Garin kukar kuwa Maganar Allah ce da addu'ar da aka koya maka tun kana kan cinyar uwarka. Ba saya ka yi ba, aiko maka aka yi. Ka tura ta ƙasan jaka don ka san in ka buɗe za ta sa ka kewar gida. Duniya za ta ce maka sai an canza lagireto, ta faɗi kuɗin da ba ka da shi. Alhali maganin yana cikin jakarka. Ku duba ƙasan akwati in kun koma gida, wasu Littafinsu Mai Tsarki yana can ƙarƙashin kayan Kirsimeti, gara ce kaɗai ke karantawa.

Ni wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Baba Zakka. Ya san hanya, ya san gyara, ya tura wani gida. Aka buɗe masa ƙofar gaba, ya ce sai baɗi. Za ka iya koyar da yara, ka iya jan waƙa, ka nuna wa mutum goma hanya, kai kana gindin mangwaro da ƙyallen zanen uwar wani a hannu.

An ce maka akwai ɗaki. In ka ji ƙamshin gida yau, tashi yau. Ubangiji ya kai mu gida lafiya. Amin.