Dila da Ƙannen Kogi Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Inna.

An yi wani Dila mai kwaɗayin kifi, ga shi bai iya iyo ba. Kullum yana bakin Kogi, tarwaɗa na wucewa, yawu na zuba. Shi kuwa Kogin nan daga kan duwatsu yake gangarowa, ƙannensa mata uku ke kawo masa ruwa: Jar Ƙorama mai bi ta jar laka, Farar Ƙorama mai bi ta kan dutse, sai Auta mai ratsa kurmi. Dila ya ce a ransa, "In waɗannan suka daina zuwa, ai kifi sai tsinta."

Ya hau tudu ya sami Ja. "Sannu da aiki. Yayanki dai ya ce laka kike kai masa, ba ruwa ba."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce, da kunnena na ji."

Ja ta yi tsaki, ta karkata bayan dutse.

Ya sami Fara. "Yayanki ya ce ruwanki salam yake, sai sanyin banza."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce, da kunnena na ji."

Fara ma ta karkata.

Ya sami Auta. "Ke kam, ya ce ko kin zo ko ba ki zo ba, duk ɗaya." Auta ta fashe da kuka, ta bi yayyenta.

Kogi ya yi ta ja baya har yashi ya fito. Dila ya dira ciki. Ya ci kifi, ya ci, ya ƙara ci, ciki ya yi kamar tulu. Ya kwanta ya miƙe nan tsakiyar yashi.

To, bayan dutsen nan kwari ɗaya ne. Nan su ukun suka taru, kowa ta cika ta yi fam. Can Auta ta ce, "Ni fa Yaya bai taɓa aiko mini da magana ba. Ke wa ya gaya miki?"

Ja ta ce, "Dila."

Fara ta ce, "Af! Ni ma Dila."

Kunya ta kama su. Ja ta ce, "Sai mu je mu ba Yaya haƙuri, kuma ba ma je hannu rabbana ba." Suka kwashi duk ruwan da suka tara, da kututture, da duwatsu, suka gangara tare.

Dila ya ji ruri, ya zaci cikinsa ne. Da ya ɗaga kai, sai ga su. Ya kama gaɓa, yashi ya zame. Ya sake kamawa, ciki ya jawo shi ƙasa.

"Ku dakata, wasa nake yi!"

Ja ta ce, "Matsa, malam, gaisuwa za mu."

Ruwa ya yi gaba da shi. Sauran tarwaɗa da suka ɓuya cikin laka suka fito suka ci rabonsu a jikinsa.

Kun ji, yara. Kada ku haɗa 'yan'uwa faɗa, don ranar da suka shirya, ta kanku za su bi.

Ƙurunƙus, kan ɗan kifi. Kowa ya tashi.