Shamuwar Tsamiyar Inna Asabe

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Magariya, sunansa Usaini. Hoton biki da na suna kam ya iya, ba a ƙwace masa wannan. Sai dai tun ranar da ya sayo wata kamara mai dogon baki daga Kano kansa ya kumbura, gaisuwa ma sai ya ga dama.

Ana nan sai wani proje mai kula da tsuntsayen daji ya yi sanarwa. Suna neman mutum ɗaya da zai yi musu aikin shekara biyu, ya ɗauki hotunan tsuntsayen Magariya da Dungas don littafin 'yan lakwal, wato 'yan makaranta. Kowa ya kawo hoto ɗaya, wanda nasa ya fi kyau shi ke da aiki. Usaini ya ci alwashin ba mai karɓe masa wannan aiki.

Sati guda yana yawon daji. Sai ya kai hotunan wurin Baba Tsoho, wani dattijon Yekuwa da ya ajiye farauta, yanzu shi ke yi wa mutanen proje jagora. Yabo ya je nema, ba gyara ba.

Baba Tsoho ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ɗana, duk tsuntsayenka ƙeya suka ba ka. Wannan wutsiya ce, wannan kuma reshe ne, mai shi ya tashi. Da tsakar rana kake fita, cikin farar shadda tana walƙiya. Ka fito bayan asuba, ka sa rana a bayanka, ka zauna ƙasa wuri ɗaya. Kwana uku kana zuwa, tsuntsu zai ɗauke ka kututture. Sannan ka nemi idonsa."

Usaini ya yatsine fuska. "Baba, kai da ko salula ba ka iya latsawa, kai za ka koya mini hoto? Ni ba ni da kwana ukun ɓatawa."

Wallahi rashin kunyar nan kaɗai ta isa ta tayar wa mutum zuciya, amma abin da ya biyo baya ya fi muni.

A Yekuwa akwai wata dattijuwa, Inna Asabe, da tsamiya a ƙofar gidanta. Shekara goma sha ɗaya shamuwa na sheƙa a kanta. Kun dai san shamuwa: baƙuwar damina ce, ba a jifarta, ba a taɓa sheƙarta, gidan da ta zaɓa murna yake yi. A bana ta ƙyanƙyashe 'ya'ya uku.

Usaini ya hango sheƙar, amma ganye ya rufe ta, babu haske. Ya jira har mutanen gidan suka tafi gona. Ya hau da adda, ya sare duk rassan da ke yi wa sheƙar inuwa, ya bar ta tsirara a rana. Ya ɗauki hotunansa son ransa, ya hau moto ya yi gaba, ko waiwaye bai yi ba.

Ranar zaɓe zauren taro ya cika. Aka haska hoton Usaini a bango: 'ya'yan shamuwa uku sun wangame baki, uwar ta buɗe fukafukai a kansu. Ya miƙe yana taƙama, ya ce, "Na sa masa suna Waƙar Maraba da Ruwa."

Aka fara tafi. Shugabar proje, Madam Mansura, ta juya ta ce, "Baba Tsoho, me ka gani?"

Dattijon ya matso kusa da bangon. "Wannan ba waƙa ba ce, haki ne. Zafi ke gasa su. Uwar kuma ba ado take ba, inuwa take yi musu da jikinta." Ya nuna gefen hoton. "Ga sabon sara nan fari fat. Shamuwa ba ta sheƙa a fili haka a kan tsamiya. Hannun mutum ne ya yi wannan."

Usaini ya fara kame-kame, wai haka ya tarar. Bai rufe baki ba Inna Asabe ta shigo da ƙwarya a rufe da faifai. Maƙwabta sun ga mai moto da doguwar kamara, shi ne ta hau amalanke tun safe ta biyo sawu.

Ta dire ƙwaryar a gabansa, ta ɗage faifan. Wari ya bugi zauren, mutane suka toshe hanci. 'Ya'yan shamuwa ne uku, sun kumbura, tururuwa na bin idanunsu.

Ta ce, "An ce haske kake nema, kuma ba ka son jira. To ga su. Ɗauka, yanzu ba sa motsi."

Madam Mansura ta sa aka kashe hoton, ta tsaga takardar neman aikin Usaini a gaban kowa. Ya fita yana sunkuyar da kai, ba wanda ya matsa masa hanya.

Darasi: Gwaninta ba a tsadar kayan aiki take ba, tana cikin haƙuri da karɓar gyara, ko daga bakin wanda ka raina. Hoton da sai ka cuci rai kafin ya yi kyau, ƙazanta ne. Ku tura wa duk mai riƙe kamara ko salula, ya san tsuntsu ma amanar Allah ne.